Ruwan Datti da Tarihin Unguwar Briqueterie

Sunan unguwarmu kalmar Faransanci ce, ma'anarta wurin da ake yin bulo. Mu muna gajarta ta mu ce Birik, su kuwa Ewondo, masu ƙasar, tun da can Ekoudou suke kiran wurin. Duk baƙon da ya sauka Yawunde daga Garwa ko Kano ko Maraɗi, ya tambayi inda zai sami masallaci da tsire da telan da ya iya aikin babbar riga, nan za a nuna masa. Sai dai ba kasafai ake tsayawa a tambayi dalilin da ya sa Turawa suka kafa wurin yin bulo a wannan gefe na gari ba. Bulo yumɓu yake so da ruwa, su kuwa waɗannan biyun a kwari ake samunsu. Wato sunan kansa ya riga ya gaya wa mai lura cewa ƙafafun unguwar nan a cikin laka suke. Kanta yana bisa tudu, amma gefunanta suna gangarawa zuwa ƙoramu biyu, Abiergue da Ekozoa, waɗanda ke kai ruwansu cikin Mfoundi, rafin da ya ratsa tsakiyar birnin.

Abin da nake so mu duba shi ne ruwan da muke zubarwa: na wanki, na wanke-wanke, na wanka, na mahauta, da wanda ba a son ambatonsa a gaban manya. Yana da tarihi kamar yadda sarauta da kasuwanci suke da shi, kuma wanda ya bi sawunsa zai fahimci abubuwa da dama game da yadda aka zauna da mu a garin nan.

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde wajajen 1889. Da farko wani masanin tsirrai mai suna Georg Zenker ne ya riƙe wurin, sannan daga tsakiyar shekarun 1890 soja Hans Dominik ya mayar da shi barikin yaƙi. A zamaninsa ne fatake Hausawa suka fara yawaita, suna gangarowa ta hanyar Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da danƙo da goro, suna kawo tufafi da dabbobi. Zangonsu na farko yana kusa da sansanin, a wajen da ya zama tsakiyar gari a yau. Jamusawa suka fita a Janairun 1916, Faransawa suka mayar da Yawunde hedikwata a 1921, jirgin ƙasa ya iso daga Duwala a 1927. Duk lokacin da garin Turawa ya buɗa, sai a ɗaga zangon Hausawa a matsar da shi gaba, har a shekarun 1930 aka zaunar da kakanninmu a Ekoudou, kusa da tsohon wurin yin bulo.

Hujjar da ake bayarwa a irin wannan ɗagawa kusan kullum ɗaya ce: tsabta. Wannan ba a Yawunde aka fara ba. A Duwala, tun daga 1910 Jamusawa suka tsara kwashe mutanen gari daga bakin kogin Wouri, a mayar da su can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita guda babu kowa tsakaninsu da unguwar Turawa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikin baƙar fata ya kai wa Bature. Haka aka haifi unguwar New Bell, wadda ita ma har yau cike take da Hausawa. Sarkin Duwala Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, ya kai ƙara har majalisar Jamus, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914.

A wannan shekarar ta 1914 ne wasu masana biyu a Manchester ta Ingila, Ardern da Lockett, suka bayyana wata dabara ta tace ruwan masai, wadda har yanzu ita ce aka fi amfani da ita a manyan biranen duniya. Kafin nan Landan ta sha fama da kwalara. A 1854 likita John Snow ya nuna cewa daga famfon rijiya guda cutar ke yaɗuwa a wata unguwa, a 1858 kuma warin kogin Thames ya hana 'yan majalisa sakat, har aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin shimfiɗa manyan bututu a ƙarƙashin birnin. Ke nan Turawan da suka mulke mu sun san maganin abin sarai. A gida suka yi masa magani da bututu da siminti. A nan kuwa suka zaɓi magani mai arha, wato nisa: a matsar da baƙar fata can ƙetaren rafi, a turo duba-gari ya leƙa randa ya ci tara. Ni a ganina duk abin da ya biyo baya daga wannan zaɓin ya samo tushe.

To, mu ma da namu kayan muka zo. Bahaushe ya iso Yawunde da tsarin gidan da ya gada: zaure a gaba, tsakar gida, ɗakuna, makewayi can ƙurya, da rariya a gindin katanga wadda ke fitar da ruwa zuwa lungu. Tsari ne da ya yi shekaru ɗaruruwa yana aiki a Kano da Katsina da Zazzau. A can ana haƙa ƙasar gini a cikin gari, ramin ya zama kududdufi, ruwan unguwa ya taru a ciki. Damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara rana da iskar hunturu su busar da abin da ya kwanta a lungu, shadda kuma a haƙa ta da zurfi ba a taras da ruwa ba. Ba wai babu matsala a can ba, wanda ya san Jakara ya sani. Amma rani yana yi wa garuruwan Arewa wani aikin shara kyauta wanda ba a cika gode masa ba.

Yawunde ba ta da irin wannan rani. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya kai milimita 1,600, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma damina biyu ce: ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba. Garin tuddai ne da kwaruruka. Abin da aka zubar a ƙofar gidan da ke sama ba ya tsayawa nan, sai ya bi gangare ya shiga tsakar gidan na ƙasa. A can gindin kwari kuwa, inda Ewondo ke kira elobi, wato fadama, idan ka haƙa rami kafin ya kai tsayin mutum ka taras da ruwa. Sunayen unguwanni irin su Mokolo-Elobi da Tsinga-Elobi daga nan suka fito. Mai masai a irin wannan wuri yana zuba bayan gidansa ne kai tsaye cikin ruwan da maƙwabcinsa ke ja da guga.

Muddin mutane ba su da yawa, ƙasa tana iya shanyewa. Waɗanda suka fara zuwa sun kama kan tudu, kusa da inda babban masallaci yake, suka bar fadama ga kwaɗi da masu noman ganye. Amma bayan samun 'yanci a 1960 gari ya cika ya batse. Ƙidayar 1976 ta sami mutum dubu 313 da 'yan kai a Yawunde, ta 1987 ta sami kimanin dubu 650, ta 2005 kuwa miliyan 1.8. Layin dogo ya kai Ngaoundere a 1974, ya sauƙaƙa wa mutanen Arewa saukowa. Birik ta karɓi Fulani da Bamun da Kanuri da Kotoko, ta karɓi 'yan Nijar da Mali da Senegal da Chadi da Nijeriya, domin duk Musulmin da ya sauka garin nan yana neman inda zai ji kiran salla. Bahaushe kuma ba ya korar baƙo. Aka yanka tsakar gida aka yi ɗakunan haya, aka matse lungu har ya zama mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace, sannan aka gangara fadama aka cike ta da shara da jar ƙasa aka yi gini. Gidan da aka haƙa wa masai ɗaya don iyali guda ya koma yana ɗauke da iyali shida ko bakwai.

A nan ne labarin matatun ruwan datti ya shigo, kuma abin takaici ne cewa labarin maƙwabta ne. Yawunde ba ta taɓa samun bututun masai na gari gaba ɗaya ba. Abin da aka yi shi ne, duk inda gwamnati ta gina rukunin gidajen ma'aikata ta hannun kamfanin gidaje na SIC, ko wani babban asibiti, ko jami'a, sai a haɗa masa 'yar matatarsa. Ɗaya daga cikin na farko ita ce ta Messa, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1960. Daga Birik zuwa Messa tafiyar ƙafa ce, amma bututu ko ɗaya bai tsallako wajenmu ba. Daga baya aka yi wasu a Cité Verte da Biyem-Assi da Mendong.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda irin wannan matata ke aiki, don ya gane dalilin mutuwarta. Ruwan da ya fito daga gidaje yakan fara bi ta wata raga ta ƙarfe da ke tare tsumma da leda da kara. Daga nan ya shiga wurin da yashi ke kwanciya. Sai babban tanki, inda inji ke kaɗa ruwan yana cusa masa iska dare da rana. A cikin tankin nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu shi ne dattin da ya narke a ruwa. Idan suka sami iska sai su ci su hayayyafa, su dunƙule kamar dusa a cikin ruwa. A tanki na ƙarshe sai a bar ruwan ya natsu, dunƙulen su kwanta ƙasa, na sama ya tsallake ya fita. Sannan a ɗebi wani kaso na lakar da ta kwanta a mayar da ita tankin farko, kamar yadda mai kindirmo ke rage ɗan tsohon nono ta zuba a sabuwar madara don ta kama. Ita ce dabarar Manchester da na ambata. Kyakkyawar dabara ce, amma numfashinta a hannun lantarki yake. Idan inji ya tsaya na kwanaki, halittun nan su mutu, tankin ya koma kududdufi na kankare, ruwa ya shiga baƙi ya fita baƙi.

Haka kuwa aka yi. Daga wajajen 1986 farashin man fetur da koko da kofi ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk wani ƙarfen inji da ake sayowa daga Turai kuɗinsa ya ninka. Matatun Yawunde suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta rufe su. Ta Messa ta ci gaba da karɓar ruwan masai tana miƙa shi ɗanye ga ƙoramar Mingoa, ita kuma Mingoa ita ce aka datse a farkon shekarun 1950 aka yi tafkin birni, wanda ke kwance a gindin ma'aikatun gwamnati. Tafkin da aka yi don shan iska da wasan kwale-kwale ya koma kore shar da gansakuka. Dalili kuwa shi ne ruwan masai taki ne. Idan ya yi yawa a ruwan da ba ya gudu, tsirran ruwa su yi ta tofo, su mutu su ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Matata da ta lalace ta fi rashin matata illa ta wani fanni, domin ta tattara ƙazantar gidaje ɗaruruwa ta zuba a wuri guda.

Akwai wani gwaji da aka yi a Biyem-Assi a tsakiyar shekarun 1980 wanda nake jin daɗin ba da labarinsa, saboda jarumar labarin tsohuwar sananniyarmu ce: kainuwa. An haƙa tafkuna a jere, ruwan datti na bi daga wannan zuwa wancan a hankali, aka zuba kainuwa a kai. Saiwoyinta na tsotse takin da ke cikin ruwan, ƙananan halittu na maƙale a jikinsu suna nasu aikin, babu inji babu lantarki. Muna cewa kainuwa dashen Allah, amma a matata sai da hannun mutum. Dole a riƙa kwashe ta a kai a kai, in ba haka ba ta tsufa ta ruɓe ta mayar wa ruwan duk abin da ta tsotsa. Akwai kuma wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. Masana a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, cikinsu har da Farfesa Ives Magloire Kengne, sun yi shekaru suna nazarin waɗannan tafkuna, sannan suka karkata ga wata doguwar ciyawar fadama, dangin burgu, wadda ake shukawa a kan gadon tsakuwa da yashi. Ruwan datti ya bi ta cikin tsakuwar ya tsane, saiwoyin ciyawa su buɗa wa iska hanya. Da aka zo farfaɗo da matatar Messa wajajen 2010, irin wannan tsari aka bi maimakon a sake sayo inji. Ciyawar nan kuwa duk mai kiwon rago a Birik ya san ta, ita ce ake yankowa daga kwaruruka ana sayar mana dami-dami idan Babbar Salla ta gabato.

Mu koma gida. Tun da bututu bai zo ba, me mutanen Birik suka yi? Masu hali suka gina rami na siminti, in ya cika a kira mota ta zuƙe. Mafi yawa suka tsaya ga masai na gargajiya, in ya cika a rufe a haƙa wani, har filin haƙawa ya ƙare. Waɗanda ke bakin ƙorama kuwa suka ƙirƙiro abin da ake kira masai mai bindiga: a ɗaga ramin sama da ƙasa, a sa masa bututu ta baya a toshe, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a zare toshiyar, rafi ya tafi da kayan. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Abiergue a farkon ruwan sama ya san warin da nake nufi. Ba a Birik kaɗai ake yi ba, duk fadamun Yawunde haka ne, kuma ba na ganin masu yi a matsayin miyagu. Mutumin da motar zuƙa ba ta iya isa ƙofarsa, kuma kuɗin kiranta ya kusa kuɗin hayarsa na wata, me ake so ya yi? Sai dai uzurinsa ba ya hana yaran da ke wasa a ƙasan rafin kamuwa da ciwo.

A wurin aikina na rediyo, da zarar ruwan Satumba ya kankama na san irin kiran da za mu samu. Wannan ya ce maƙwabcinsa na sama ya sako masa ruwan wanki cikin ɗaki. Wannan ta ce rigol ɗin ƙofar gidansu, wato kwata, ta toshe da leda da robar ruwa. Wani ya ce rijiyarsu ta canza ɗanɗano. Abin da na lura shi ne kusan kowa a kan maƙwabci yake kuka, da wuya ka ji wanda ya tambayi inda ruwan yake zuwa bayan ya wuce ƙofar gidansa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu Musulmi, kuma ina faɗinsa da girmamawa ga malamanmu. Ba na jin akwai unguwar da ta fi tamu amfani da ruwa don tsarki a duk Yawunde: alwala sau biyar, wanka, tsarkin buta. Tun muna yara a makarantar allo da ta littafi aka koya mana cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza ba. Wannan hukuncin ibada ne, kuma daidai yake a muhallinsa. Kuskuren da jama'a ke yi shi ne ɗaukar hukuncin alwala su ɗora a kan sha. Ƙwayar kwalara da ta taifod ba sa canza launin ruwa, ba su da wari. Rijiyar da ke taku goma daga masai tana iya ba ka ruwa garau kamar hawaye, alhali ciwo ne a cikinsa. Na sha jin dattijo ya ce shekara arba'in yana shan rijiyar nan bai mutu ba. Gaskiya ne, amma shekara arba'in da suka wuce masai nawa ne a kewayenta, yau kuma nawa ne? Kwalara ta shigo Kamaru a 1971, ta dawo da ƙarfi a 2010 da 2011, ta sake ɓarkewa daga ƙarshen 2021 har ta taɓa Yawunde sosai a 2023. Duk zuwanta, unguwannin da ke cunkushe a kwari ta fi yi wa ɓarna. Da limamai za su ware huɗuba ɗaya a farkon kowace damina su bambance wa mutane ruwan da ya halatta a yi alwala da shi da ruwan da ya dace a ba jariri, da sun yi abin da sanarwar rediyo goma ba za ta yi ba.

Dokoki kam akwai su. Dokar muhalli ta 1996 da dokar ruwa ta 1998 duk sun hana zuba ƙazanta a rafi ba tare da tacewa ba. An haramta siririyar leda tun Afrilun 2014, ga ta nan kuma a kowace kwata.

Babban aikin da aka yi a zamaninmu shi ne wanda ake kira PADY, shirin tsabtace Yawunde, da kuɗin Bankin Raya Afirka. Abin da ya tayar da shi ambaliya ce. Mfoundi ya cika da yashi da shara, duk ruwa mai ƙarfi sai ya haura ya mamaye Titin Kennedy da wajen babban gidan waya, shaguna su cika da laka, motoci su nutse a tsakiyar babban birnin ƙasa. Kashi na farko, wanda aka kammala wajajen 2011, ya gina wa Mfoundi magudanar kankare mai tsawon kilomita uku da rabi. Kashi na biyu, da hannun hukumar raya ƙasashe ta Faransa, ya ƙara kimanin kilomita 14 a kan rafin da ƙoramunsa. An ga amfaninsa, ba a musu. Amma ya kamata a kira abu da sunansa. Magudana aikinta ta kawar da ruwa da sauri, ba ta tace komai. Fadamar da aka cike aka yi gini a kanta, da ciyawarta da lakarta, ita ce matatar da Allah Ya yi wa garin tun asali: tana rage wa ruwa gudu, datti ya kwanta, rana da saiwoyi su yi aikinsu. Yanzu an maye gurbinta da kankare mai santsi, abin da aka zuba a Birik da safe kafin azahar ya bar gari.

Ina yake zuwa? Mfoundi yana faɗawa cikin Mefou, Mefou kuma cikin kogin Nyong. A kan hanya akwai masu lambu da ke ban ruwan latas da ganye da shi, su kawo mana kasuwar Mokolo mu saya. A bakin Nyong ɗin nan ne kuma, a Akomnyada kusa da Mbalmayo, aka kafa tashar da ta yi shekaru tana ba Yawunde mafi yawan ruwan famfonta, kafin a jawo na kogin Sanaga a 2024. Ana tace shi kafin a turo, amma gwargwadon dattin kogi gwargwadon maganin da za a zuba da kuɗin da za a kashe.

Motocin zuƙar masai ma suna da nasu labarin. Shekara da shekaru a Nomayos suke juye kayansu, a bayan gari ta hanyar Duwala, a fili kawai, kusa da gonakin mutane. Wato wanda ya biya kuɗi aka zuƙe masa rami, yana ganin ya yi abin da ya dace, ƙazantarsa ƙauye aka kai wa. Sai a 2021 aka buɗe matatar Etoa a kudancin birni, wadda aka gina musamman don karɓar abin da motocin ke ɗaukowa: a raba ruwa da laka, a shanya lakar ta bushe ta zama taki, ruwan kuma a tace shi kafin a sake shi. A duk tarihin da na zayyano, wannan ce matata ta farko da za a ce an yi ta don irinmu, masu rami ba masu bututu ba. Shekara fiye da 130 bayan kafa garin.

Sai dai Etoa tana amfanar wanda mota ta isa gidansa ne. A cikin Birik, da ka bar manyan tituna ka shiga ciki, akwai gidajen da ko baro da ƙyar yake shiga, tiyon mota kuma yana da iyaka. A nan har yanzu masu yashe masai da hannu ake kira, su zo da dare da bokiti da shebur, mutanen da ba a gaisawa da su da rana alhali lafiyar unguwa a wuyansu take. Abin da suka kwaso kuma ba Etoa yake zuwa ba.

An taɓa warware irin wannan matsala a wani wuri mai kama da namu. A Orangi, wata makekiyar unguwar talakawa a Karachi ta Pakistan, wani masani mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a 1980. Mutanen kowane lungu suka haɗa kuɗi, suka zaɓi shugaba, suka haƙa da hannunsu suka shimfiɗa ƙaramin bututu a tsakiyar lungun, kowane gida ya haɗa masansa da shi, masana suka taimaka da awo da zane kawai. Hukuma aka bar wa babban bututu da matata. Mu da muke da masallaci a kowane lungu, da adashi, da ƙungiyoyin teloli da mahauta da direbobi, haɗa kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gangaren da ke cutar da mu ma a nan zai zama gata, domin ruwa zai bi bututu da kansa ba tare da inji ba.

Abin da ke tsaye a gaba tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. A shekarun 2000, lokacin da Gilbert Tsimi Evouna ke shugabancin hukumar birnin, an rushe gidaje masu yawa a Ntaba da wasu unguwannin kwari, rusau ɗin ya taɓa gefen Birik, a yankin Warda inda 'yan Sin suka gina babban zauren wasanni da aka buɗe a 2009. Kalmomin da aka yi amfani da su tsofaffi ne: tsabta, ambaliya, gyaran gari. Saboda haka idan ma'aikaci ya shigo lungunmu da takarda da abin awo ya ce ya zo duba magudana, dattawa ba sa ganin bututu, buldoza suke gani. Dokokin ƙasa na 1974 sun sa takardar mallaka ta gwamnati ce kaɗai cikakkiyar shaidar fili, sun kuma sanya fadama cikin dukiyar hukuma wadda ba a mallaka wa kowa. Da yawa daga cikin gidajen da ke gindin kwari, inda matsalar ta fi tsanani, a kan irin wannan ƙasa suke, wasu tun zamanin kakanni. Mai gidan da ba shi da tabbacin zai kai baɗi a wurin ba zai zuba kuɗin buhun siminti ashirin a cikin rami ba, ɗan haya kuwa balle. A Orangi mutane sun fara haƙa ne a lokacin da hukuma ta soma amincewa da zamansu tana ba su takardu. A ƙasan Birik, tsakanin Abiergue da Ekozoa, ana nan ana jiran wannan takarda.